Gwangwanayen Kawu Sale

Alhamis: Gumel zuwa Maigatari

Ƙarfe biyar da kwata na asuba, muna idar da salla, ni da Kawu Sale muka bar gida a Gumel. Ni ke ɗauke da ɗan buhun gero, a tsakiyar geron kuwa mun binne gwangwani uku. Su ne dalilin tafiyar.

Kawu mai tebur ne a kasuwa. Makon da ya wuce ya sayo kwali guda na waɗannan gwangwanaye a Maigatari, wurin wani mutum da ya ce masa lemon Turawa ne daga ƙasar Faransa. Ranar Lahadi za a yi walimar saukar Alƙur'ani ta babban ɗansa, kuma ya riga ya gaya wa unguwa duka cewa malamai za su sha abin da ba su taɓa sha ba. Da na sauka daga jirgin ƙasa a Gagarawa na iso gida hutun makarantar Midil, sai ya miƙo mini ɗaya ya ce in karanta masa. Babu abin karantawa. An goge fentin da yashi tas, har ƙarfen yana ƙyalli.

Na ce a hankali, "Kawu, mai lemo ba ya goge sunan lemonsa."

Muka huda ɗaya a bayan gida. Kumfa ta taso da wani wari da ba mu san shi ba, amma babu wanda ya yarda ya kai baki. In giya ce aka ɗura wa malamai a wurin sauka, Kawu ba zai ƙara ɗaga ido a Gumel ba. Shi ya sa ya ce mu je mu nemo mutumin.

Motar kasuwa ta tashi ƙarfe shida da rabi, sisi sisi kowane mutum. Na zauna a kan buhuna a bodi, tsakanin wasu dillalan raƙuma. Direba ya leƙo ya ce, "Malam Sale, yau kuma gero ake kaiwa Maigatari? Ai can ake sayowa." Kawu ya ce na sadaka ne. Direban ya dube mu, ya dubi buhun, ya tayar da mota.

Mil goma sha uku ne, amma yashi ya riƙe mu sau biyu, sai ƙarfe tara saura muka iso. A bakin gari wani ɗan doka ya soka sandarsa cikin buhun. Na ji ta wuce gefen gwangwani da kamar yatsa guda. Ya ce in wuce.

Muka zaga kasuwa har azahar, daga kara, inda ake sayar da dabbobi, zuwa rumfunan masu kanwa, ba mu ga mutumin ba. Mai masaukin Kawu, wani dattijo ana ce masa Fatoma Idi, ya kawo mana fura ya saurari labarin. Ya juya gwangwanin a hannunsa ya ce, "Wannan bai taɓa ganin Damagaram ba. Na Faransa a kwalba suke zuwa. Wannan ta jirgin ƙasa ya shigo daga kudu." Ya ce kada mu tambayi kowa a nan, don kafin la'asar maganar za ta riga mu isa Gumel. Amma yamma da Sule Tankarkar akwai 'yan gidajen Maguzawa, akwai wani tsoho Nomau, wanda duk giyar da aka dafa a yankin sai ya ɗanɗana kafin a fitar da ita.

Juma'a: Maigatari zuwa Sule Tankarkar

Ba mota a wannan hanya. Fatoma ya haɗa mu da wasu masu jakuna da ke komawa ba kaya, muka tashi ƙarfe biyar da rabi. Mil goma sha takwas ne ta cikin gonakin da aka girbe. Shugaban ayarin ya tambaye ni sau uku abin da za mu yi a Sule Tankarkar, sau uku na ce ziyara. Ya ce wa Kawu, "Ɗan bokon naka ba ya magana, sai rubutu. Ko mu yake rubutawa ya kai wa En'e?" Na mayar da littafina aljihu, ban sake fito da shi ba sai da muka rabu.

Mun samu Juma'a da ƙyar. Muka sauka a zauren wani abokin Kawu, aka ba mu tuwon gero da miyar kuka. Shi ma ba mu gaya masa gaskiya ba.

Asabar: gidan Nomau

Tafiyar sa'a guda ce a ƙasa. Ƙarfe tara da minti goma muka tarar da Nomau a gindin tsamiya yana gyaran ƙotar fartanya. Tsoho ne gajere, mai walki, da dariya a bakinsa.

Ya ce, "Yau Musulmi sun kawo mini gaisuwa? Ko salla za a koya mini da tsufana?"

Kawu ya yi masa bayani, yana waige-waige. Nomau ya huda gwangwani da wuƙa, ya juye a ƙoƙo. Ruwan ya fito garai-garai, launin zuma da aka tsarma, kumfa fara a sama. Ya ɗaga shi wajen rana, ya shinshina, ya kurɓa, ya jujjuya shi a baki, sannan ya haɗiye. Ya yamutsa fuska.

"Ɗaci kamar ɓawon maɗaci. Ga ɗanɗanon ƙarfe. Ba kauri, ba tsami, ana ganin gindin ƙoƙo ta cikinsa. Wa zai sha wannan ya yi noma?"

Kawu ya matso. "Giya ce ko ba giya ba ce?"

"Giya? Malam, kada ka zagi matata. Giya ita ce wadda matata take kwana uku tana dafawa. Wannan dai ruwan maganin shawara ne."

Kawu ya ce alhamdulillahi har sau uku, ya dube ni ya ce, "Ka ji ko? Ka sa mun sha rana a banza."

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Nomau ya ce a miƙo na biyu ya ƙara tabbatarwa, alhali ya ce ba daɗi. Da ya juye, kafin ya kai baki, sai ya karkata ƙoƙon ya zuba kaɗan a saiwar tsamiyar, yana motsa leɓe. Da zuwanmu matarsa ta kawo masa kunu, na ga ya sha bai zuba ko ɗigo ba. Ƙarfe goma saura kwata ya shanye na uku, ya fara kiran Kawu surukinsa, ya ce in akwai saura a gida zai ba da akuya.

Kawu ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ban taɓa tsoma baki cikin maganar manya ba, amma na ji muryata ta fito.

"Baba Nomau, wanda ka zuba a ƙasa, na wa ne?"

"Na kakannina."

"Da aka kawo kunu ba ka zuba musu ba."

Ya dube ni, sai ya fashe da dariya har da hawaye. "Yaro, kakannina ba sa shan kunu!" Ya juya ga Kawu ya ce, "Ba ta kai ta matata ba, shi na gaya maka. Amma kaina ya fara juyawa. In ka ba malamanku biyu biyu, sai sun yi maka rawa."

Kawu ya koma ya zauna a ƙasa. Bai karɓi akuyar ba.

Komawa gida

Daga Sule Tankarkar zuwa Gumel mil goma sha ɗaya ne, muka samu motar gyaɗa ƙarfe biyu. Kusan rabin hanya Kawu bai dube ni ba. Can ya ce, "Isiyaku, da ka yi shiru fa?" Na ce ban sani ba, Kawu. Ya ce, "Ni na sani."

Ƙarfe huɗu muka iso. Muka haƙa rami a bayan gida, muka huda sauran na cikin kwalin ɗaya bayan ɗaya, muka juye, muka binne har da gwangwanayen. Mata suka jiƙa tsamiya aka dama kunu tulu huɗu.

Ranar Lahadi yaron ya karanta allonsa bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da aka kawo kunu, liman ya ce, "Malam Sale, ina abin Turawan da ake ta faɗa?" Kawu ya ce, "Allah gafarta malam, mun bincika, ba na wurin nan ba ne." Liman ya ce madalla, ya miƙa ƙoƙonsa a ƙara masa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu da mutuncinmu. Ina kuma gode wa Fatoma Idi, da masu jakunan da suka zarge ni, da tsoho Nomau, wanda ya sha abin da mu ba za mu iya sha ba.