Hannun da Inna Ta Miƙa

Baffana, Dakta Sale Lado, ya yi shekara goma sha huɗu yana duba marasa lafiya a Dutse, amma bai taɓa riƙe hannun mahaifiyarsa ba. Ni Bilkisu, 'yar ƙaninsa, ni nake riƙe masa. Shi ya sa da aka ce a rubuta labarinsa don 'ya'yansa su karanta in sun girma, kowa ya juyo ya dube ni. Dama littafin da ake rubuta haihuwa da rasuwar gidanmu a akwatina yake tun ina aji uku na sakandare.

An haife shi a rugarmu da ke gabas da Kiyawa, a shekarar da fari ya cinye rabin garken kakanmu Malam Lado. Shi ne ɗan fari. Wanda bai tashi a cikinmu ba sai an yi masa bayani. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama tabarma ɗaya da shi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka tarar. Ana yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarsa, can ya girma. Inna Maimuna, wadda ta haife shi, tana ce masa "wancan" yana ƙarami. Da ya shiga boko ya zama "na makaranta". Da ya yi aure ya kama gida a unguwar Takur cikin Dutse, sai ya koma "mutumin Takur". Babana Mailafiya kuwa, da yake shi ne na uku, har yau yana kishingiɗa a tabarmarta, ya sa ludayi a ƙwaryar furarta, ya ce sukari ya yi kaɗan.

An ce Baffa bai iya kiwo ba. Sau biyu yana dawowa gida babu maraƙi ɗaya. Da malamin firamare ya zo neman yara, Malam Lado ya nuna shi da sanda ya ce, "Ga wanda ba ni da asara in ya tafi." Daga nan sai sakandare, sai Kano, sai ga shi ya dawo da farar riga. Cikin likitoci ma ya zama irin wanda ba ya zaɓen cuta: jariri, mai ciki, tsoho mai ciwon suga, duk nasa ne. Akwai gidajen da ya duba kaka, ya duba uwa, ya duba jika, ya san wanda ke shan magani da wanda ke ɓoye shi a ƙarƙashin katifa.

Su likitoci shida suka fara aiki tare a asibitin Dutse. Bayan shekara goma saura biyu. Sauran sun watse, wani Ingila, wani Saudiyya, wani ma ba a san inda ya nufa ba. Layin marasa lafiya kuwa bai ragu ba. Da na gama sakandare na koma gidansa a Takur ina taya matarsa Anti Rabi'atu hidima, a nan na ga yadda ya zama. Ba ya faɗa, ba ya dariya. Yakan dawo ya zauna a mota, injin a kashe, ya daɗe yana kallon bangon gida. Ranar da Anti ta tare shi a ƙofa ta ce abokinsa na makaranta ya rasu, ya ce, "Allah ya jiƙansa. Akwai ruwan zafi?" Ta bi shi da kallo har ya shige.

Abu ɗaya ne bai taɓa fashi ba. Kowace Juma'a in an sakko masallaci, sai mu kama hanyar Kiyawa, don Inna tana da hawan jini. Yakan ajiye mota a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya zauna a kan turmin da aka kife, ya miƙo mini abin awon jini. In shiga ɗaki, in ɗaura mata a dantse, in danna, in rubuta lamba a takarda, in fito in ba shi. Ya duba, ya ce, "Ki ce ta rage gishiri." In koma in faɗa. Ta ce, "Ki ce wa mutumin Takur an ji." Tsakanin turmin da ƙofar ɗakinta taku goma sha biyu ne, na ƙirga. Duk abin da ɗaya ya faɗa ɗayan yana ji, amma sai na maimaita.

Bara da damina takardu uku suka zo masa cikin wata guda. Ɗaya daga Saudiyya, asibitin wani ƙaramin gari nesa da Makka. Ɗaya daga Ingila, bayan ya ci jarrabawarsu. Ta ukun daga Kanada, wani ƙauye da suka ce suna neman likitan iyali. Anti Rabi'atu tana son Kanada saboda makarantar yara. Babana ya ce ai babu zancen zaɓi, wa zai ga ƙasa mai tsarki ya nufi wajen ƙanƙara? Baffa ya saurari kowa, ya ce, "Haka ne."

Wata rana na kai masa abinci asibiti, na tarar yana rubutu a bayan wani tsohon kati. Sista Juliana, nas ɗin da suka daɗe tare, mutuniyar Filato, tana leƙawa ta kafaɗarsa.

"Dakta, Kanada? Kai da in an kunna fanka kake neman bargo? Bafillace a cikin firji!"

"Ba sanyi nake lissafi ba, Sista."

"To mene ne wannan?"

"Awowin tafiya. Daga kowace ƙasa zuwa Kiyawa."

Ta karɓi katin ta duba. Daga Saudiyya jirgi ya sauka Kano, mota ta ƙarasa da shi, wuni guda. Ingila kwana ɗaya. Kanada kusan biyu. Ta ajiye masa a tebur, ta bar wasa.

"Ku da kuke binne mutum kafin la'asar? Duk wadda ka ɗauka a cikin ukun nan, ba za ka iske jana'izar mamanka ba."

"Na sani," in ji shi. Ya buɗe kular abinci, ya rufe, ya ce a kira na gaba.

A Juma'ar makon, mun wuce shingen 'yan sanda na bakin gari, ya yi magana bai dube ni ba.

"Ki faɗa mata an kira ni aiki ƙasashen waje, wurare uku. In ta ce in zauna, zan zauna. Ba sai ta yi dogon bayani ba. Kalma ɗaya ta ishe ni."

Na shiga na tarar da Inna tana tsince wake. Na ɗaura mata abin awo, sannan na jera mata ƙasashen kamar yadda ya faɗa.

"Wa ya je ya dubo musu wurin?" ta tambaya.

"Ba kowa, Inna. A waya ake gani."

"A waya. Kakanki bai taɓa tashi da garke a kan an ce ba. Sai ya tura mutum ya taka ciyawar, ya ɗanɗana ruwan. Akwai ruwa a can?"

"Akwai, har ya yi yawa."

"To."

"Ya ce in kin ce ya zauna, zai zauna."

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Sannan ta ci gaba da tsinta.

"Ni wa? Ke yarinyar nan bokon bai ƙara miki hankali ba. Ni na raine shi da zan ce? Ya je ya tambayi uwarsa."

Uwarsa, wato kakar da ta raine shi, tana maƙabartar bayan gona shekara ashirin ke nan. Na fito na faɗa masa yadda ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba, don haka aka koya mini saƙo. Ya ce, "To." Ya dubi takarda. "Ɗari da sittin. Ki ce ta rage gishiri."

Mutanen Saudiyya suka aiko cewa ranar Litinin ce ƙarshe, ko ya sa hannu ko su ba wani. Sauran biyun ma sun matsa. Babana ne ya kai wa Inna wannan labari tun ranar Laraba.

Juma'ar da ta biyo an yi ruwa da safe, ƙasa a jiƙe. Baffa ya zauna a turminsa, ya buɗe jaka. Kafin in karɓi abin awon sai labulen ɗaki ya motsa. Inna ta fito da tabarma a hammata. Ta tako har gindin darbejiya, ta shimfiɗa kusa da turmin, ta zauna ta ba shi gefe, fuskarta na kallon shingen kara. Tunda nake ban taɓa ganin su kusa haka ba. Matar Babana da ke daka a tsakar gida ta tsaya da taɓarya a sama.

Inna ta janye mayafi daga kafaɗa, ta miƙa hannun dama wajen da yake. Ta yi wa shingen magana.

"Yarinyar nan ba ta iya ɗaura abin nan ba. Kullum sai ta matse ni."

Ban taɓa matse ta ba. Ita ma ta sani.

Abin awon yana hannunsa, ya riga ya warware maɗaurin. Hannun nata yana tsaye a iska, siriri, da tsohon awarwaron azurfa. Na ga ya ɗago kai har idonsa ya kai wuyan hannun, bai wuce nan ba. Mutumin da ke riƙe hannun mutum ɗari a wuni. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, na dai ji ruwa na ɗiga daga ganye a kan rufin mota.

Sai ya sunkuyar da kai, ya miƙo mini.

"Bilkisu, sassauta mata."

Na karɓa. Inna ba ta sauke hannun nan take ba. Ta bar shi a wurin kaɗan, sannan ta juyo da shi wajena. Na ɗaura, na danna. Ɗari da saba'in da biyar. Na faɗa da baki, tunda babu inda zan kai takarda. Ya ce a ƙara mata rabin ƙwaya da safe. Ta naɗe tabarmarta.

"A gaida mutanen Takur," ta ce, ta shige ɗaki.

A hanya mun kusa Dutse, duwatsu sun fara bayyana, ya ce, "Kin gani. Ba ta ce komai ba."

"Baffa, ta miƙo hannu fa."

"Ta ce kina matse ta."

Ban san yadda 'ya take gaya wa baffanta abin da ya faru a gaban idonsa ba. Ya kunna rediyo, ana sanarwar rabon taki. Muka saurara har gida.

Ranar Litinin ya sa hannu a takardar Saudiyya. Anti Rabi'atu ta tambaye shi dalili, ya ce ita ce ta fi kusa. Ba wanda ya yi murna sosai, ba wanda ya yi kuka. Aka shiga neman biza da ɗinkin kaya. Sista Juliana ta haɗa masa ɗan biki a ofis, da lemo da cincin, ta ce, "Ka bar mu da layi, Allah ya isa," aka yi dariya. Shi ma ya motsa baki.

Ranar tafiya ya biya ta Kiyawa da safe. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta daga waje, ya ce mini in ce zai wuce. Daga bayan labule ta ce in ce Allah ya kiyaye hanya. Ta aiko masa da man shanu a gwangwani, wanda aka karɓe a filin jirgi.

Bayan mako biyu ina taje mata kai, na kasa haƙuri.

"Inna, da kin ce masa ya zauna."

"Ja a hankali, kan mutum ne ba jelar saniya ba." Ta gyara zama. "Ni dai na yi maganata."

Ba ta ƙara tayar da zancen ba, ni ma haka.

Yanzu shekara guda da wata huɗu. Anti da yara sun bi shi. An ce asibitin yana da tsabta, mutum talatin yake gani a rana, yana dawowa gida kafin magariba. Anti ta ce har yanzu yakan zauna a mota. Ni na dawo Kiyawa, ɗakina yana jikin na Inna. Ya bar mini abin awon da jakarsa. Kowace Juma'a in an sakko masallaci nakan ɗaura mata, in ɗauki hoton lambar, in tura masa. Yakan amsa da gajeren rubutu: ta ci gaba da magani, ta rage gishiri. In ya kira, Inna takan juya fuska ga bango, amma ba ta fita daga ɗakin.

Juma'ar da ta wuce na tura masa ɗari da hamsin. Wayar ta nuna yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can saƙo ya shigo. Ya ce, "Kada ki matse ta."

Na karanta wa Inna. Ta ja mayafi ta rufe hannunta.

"Ki ce an ji," in ji ta.