Ranar da Na Zama Shugaban Jam'iyya a Ƙauyen Surukaina

A lokacin ni tela ne a Konni, kuma Allah ya yi ni da kama da shugaban jam'iyyarmu na ƙasa, tun daga tumbi har gibin haƙori. Mutumin nan ya yi depite a majalisa, ya yi minista, ya sha kaso ya fito, bai taɓa cin babban zaɓe ba, amma ni ko hotonsa na gani sai na gyara hula.

Ana tsakiyar kamfe, jama'ar wani ƙauye wajen Dogarawa suka taru tun hantsi suna jiransa, shi kuwa manya sun riƙe shi a Malbaza. Sakataren jam'iyya na yankinmu ya ja ni gefe, ya roƙe ni in sa babbar riga in shiga mota, in ɗaga hannu ta gilashi kawai, mutane su watse kafin su fusata. Na yarda, ban ko tambayi sunan ƙauyen ba. Muna isa makaɗa suka tare hanya, aka fiddo ni, aka danƙa mini lasifika. Na yi sallama, mata suka rangaɗa guɗa, kaina ya kumbura. Wata tsohuwa ta ce ruwa suke so, na ce an ba su rijiya kafin damina. Wani makiyayi ya ce burtali, na ce har da likitan shanu. Sakatare yana ta taka mini ƙafa, ni kuwa ina ƙara musu alkawarin lakwal, wato makarantar boko.

Can sai kawun matata ya miƙe daga cikin dattawa, ya ƙura mini ido, ya tambaya da ƙarfi ko ba ni ne na ɓata masa wuyan riga da sallar bara ba. Ashe ƙauyen surukaina aka kawo ni. Ranar na san ina da gudu. A cikin rumbun wani bawan Allah na yini, matata kuwa ta yi yaji don kunya, sai da na sha biko.

Da labari ya kai wa shugaban, an ce ya yi dariya har hawaye, ya ce tunda da fuskarsa aka yi alkawari, a haƙa rijiyar. Yanzu ya rasu, kuma duk sanda ake lissafa ayyukansa a rediyo har da ita ake faɗa.

Tun daga nan na rage zagin 'yan siyasa a kan ƙarya, don na ɗanɗana yadda tafi ke bugar da mutum. Masu karatu, kada ku yarda a tsayar da ku a madadin kowa. Ni ɗan lokaci na yi gaban jama'a, kuma da an bar ni, wallahi sai na yi musu alkawarin teku.