Minti Biyun da Na Yanke

Har yau ban manta da Talatar da Baba Ahmadu ya shigo shagonmu na unguwar Rusaifa a Makka da katin memori ƙunshe a ƙyalle ba. Ku da kuka zo bayana kun sha yin gunaguni cewa na cika takurawa a kan ajiye asalin abu kafin a taɓa shi. To, ku ji inda na samo halin.

Lokacin ina shekarata ta huɗu a gyaran waya. Mai shagon, wanda muke kira Mu'allim, mutumin Yaman ne, shi ke karɓar aiki a gaba. Ni ina teburin ciki wajen kwamfuta, ina kwashe hotuna da sauti daga tsohuwar waya zuwa sabuwa. Doka ɗaya gare shi da ba ya ɗaga ƙafa a kanta: kayan mutum ba sa kwana a kwamfutarmu. An gama, an miƙa, a goge. Amana ce, kuma har gobe ina ganin daidai ne.

Baba Ahmadu tela ne a unguwar Tandabawi, ɗan Agadas kamar ni, ya haura sittin. Ya gaisa da Mu'allim da Larabci, sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Ɗana, kiɗa ne a ciki," in ji shi. "A garin nan, da furfurata, ka ga ba abin ɗaga murya ba ne. Katin ya fara gardama. Ka mayar mini da shi cikin jawwal, ga wayar nan, zan dawo bayan La'asar."

Katin ya tsage ta gefe. Sai da na saka na cire ya fi sau goma kafin kwamfuta ta gan shi. Sauti ɗaya ne tak a ciki, na minti arba'in. Na sa abin ji a kunne don in tabbatar ya kwafu, sai tsigar jikina ta tashi. Su Bilal Dogo ne.

Ku 'yan Kano ba lallai ku san su ba. Samari ne biyar na garinmu, da jita biyu na lantarki, da jitar bas, da ganguna, da mai waƙa. Ba su taɓa shiga ɗakin ɗaukar sauti ba. Duk abin da ya rage nasu a duniya shi ne wanda 'yan kallo suka ɗauka da waya a wajen wasa. Mu masoyansu ba da sunan waƙa muke gane wasa ba, sai da abin da ya faru ranar: ranar da tsirkiya ta tsinke, ranar da akuya ta hau dandamali, ranar da iska ta kayar da lasifika. Wannan na hannuna shi ne na gidan matasa, ranar da janareta ya mutu. Na daɗe ina jin labarinsa, ban taɓa samunsa ba.

Ina zaune a Makka, sanyin na'ura na dukan ƙeyata, amma wallahi hayaƙin mai tsire na bakin ƙofar gidan matasa nake shaƙa. Shekara shida rabona da gida. Kewa ta kama ni sosai.

Daga nan karambani ya shigo. Sautin ya yi datti: ga iska, ga hayaniya, ga wani yana ta tari kusa da wayar. Na ce bari in yi wa dattijo gwaninta. Na sa manhaja ta rage hayaniyar jama'a, jita suka fito fes. A minti na ashirin da uku wuta ta ɗauke, jita suka yi shiru na minti biyu, sai ganga da tafi da ihu. Na yanke wurin, na haɗe bakin biyu har ba ka gane an taɓa. Na adana gyararren a kan na asali, na zuba masa a waya, na goge kwamfuta kamar yadda doka ta ce. Ina ta jin kaina.

Bayan La'asar ya dawo. Ya sa abin ji, bai ma saurari farkon ba, ya ja da yatsa zuwa tsakiya. Ya koma baya. Ya ƙara gaba. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ina mutanen?"

Na fara yi masa bayanin tsabtar sauti, baki har kunne. Ya bar ni na gama.

"Da wuta ta ɗauke," ya ce, "jama'a suka ɗauki waƙar da tafi. Hadiza na tsaye gefena, ta rangaɗa guɗa. Matata ke nan. Shekara uku da rasuwarta. Ina nan, iƙamata, takardar zama, tana wajen sabuntawa, ban samu jana'iza ba. Ba ta son hoto, ba ta iya saƙon murya ba. Abin da ke gare ni ke nan."

Na mayar da katin cikin kwamfuta. Ya mutu murus. Mu'allim ya zo da kansa ya gwada dawo da abin da aka goge, sai gyararren kawai ya fito.

"Wa ya ce ka gyara?" ya tambaye ni. "Cewa ya yi ka kwafa."

Baba Ahmadu bai yi faɗa ba. Ya naɗe mataccen katin a ƙyallensa, ya ce, "Ba komai, ɗana, haka Allah ya so." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muna da zaure a waya, mu masoyan su Bilal, daga Libiya har Jidda, mafi yawanmu 'yan ci-rani. Na rubuta a ciki: duk mai wasan ranar janareta, ko ya kai yaya lalacewa, ya taimake ni. Na faɗi abin da na yi, ban ɓoye ba. Na sha tsiya kam. Wani ya ce mai yanke tafi a wasan su Bilal, ai ya kamata a ƙwace masa kunnuwa. Amma sun duba. Cikin kwana tara aka turo mini guda huɗu, duk na wasu ranaku ne. Na biyar daga wani direban babbar mota a Arlit ya zo, wanda ya ɗauka daga can baya, wajen mai shayi. Ƙarar kofuna ta fi jita fitowa. Amma wutar ta ɗauke a ciki, kuma can nesa na ƙirga guɗa uku. Ban san ko tata na ciki ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kai masa shagonsa. Ya kashe keken ɗinki, ya sa abin ji. Guɗa ta farko ta wuce, bai motsa ba. Da ta biyu ta tashi sai ya dafe tebur.

"Ita ce," ya ce. "Ka ji yadda take karya ta a ƙarshe? Ba wadda ke yin haka."

Ya maimaita wurin sau huɗu. Na ce masa ya yi haƙuri, ta yi nisa, akwai dabarar da zan ɗan ɗaga muryar. Ya riƙe wuyan hannuna.

"Kar ka taɓa. A nawa tana gefena. A wannan na ji yadda mutanen can baya suka ji ta. Ashe har wajen mai shayi take kaiwa."

Abin da na koya ke nan a sana'ar nan. Mu sauti muke ji, mai kaya kuwa mutum yake nema a ciki, kuma ba zai faɗa maka ba sai ka tambaya. Shi ya sa in an kawo muku abu, ku kwafi asalinsa tukuna, sannan ku ce wa mai shi: me kake son ji a ciki?

Wasan direban nan yana wayata har yanzu. In na sa shi, ni ma tsallake jitar nake yi, in tafi inda wuta ta ɗauke. Ban san kowa a cikin masu tafin ba, amma duk mutanen garinmu ne.