Yadda Tafiyar Ƙafa Ta Ƙara wa Malam Ɗayyabu Tumbi

Wata rana, a wani asibiti a Funtuwa, wani malamin lissafi ya hau sikeli ya sauko, ya sake hawa.

Ya cire takalmi. Ya cire hula. Ya zaro makullin babur daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Ya sake hawa.

Kilo casa'in da takwas.

Wata biyu da suka wuce, casa'in da huɗu ne.

Mu kira shi Malam Ɗayyabu. Shekara ashirin da bakwai yana koyar da lissafi a sakandare. Rabin garin nan sun sha bulalarsa, har da mai ba ku labarin nan, kafin in ga boko ba zai iya da ni ba, in bar musu kayansu a aji uku.

Abin da ya kai shi asibiti tun farko, suga ne. Likita ta ce ciwon bai shigo ba tukuna, amma yana ƙofar gida yana sallama. Ta ba shi wata uku. In ya sauke kilo biyar, su rabu lafiya. In bai sauke ba, magani ne kullum har ƙarshen rayuwa.

Malam ya san aikin suga. Mahaifinsa da ƙafa ɗaya aka kai shi makwancinsa.

Bai gaya wa kowa ba sai matarsa, Rakiya. Ita ma da gargaɗi: kada ya kuskura ya ji maganar a waje. Shi ba ya son a riƙa kallonsa ana cewa sannu.

Sai ya tunkari abin kamar jarrabawa.

Ya sauke manhajar ƙirga kalori, wato ma'aunin ƙarfin abinci, a waya. Ya sayo ɗan ƙaramin sikeli ya kai kicin. Tuwo malmala ɗaya, sai an auna. Mai cokali ɗaya. Shayi ba suga, ba madara, ruwan zafi ne kawai da ya canza kala. Lemon kwalba kuwa ko gaisawa ba sa yi.

Kalori dubu ɗaya da ɗari takwas a rana, ba ƙari.

Kullum bayan La'asar ya ɗaura takalmin gudu, ya kama hanya a ƙafa.

A takarda, Malam ya rame. Ya buga lissafin sau uku, duk amsa ɗaya: ya kamata kilo shida sun tafi.

A jiki, maɓallin kaftani yana neman ceto.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne wannan: watan farko, da yake tafiyar kilomita uku, kilo ɗaya ya ƙaru. Ya fusata, ya mai da tafiyar kilomita bakwai. Kilo uku suka ƙaru.

Yawan tafiya, yawan ƙiba.

Ku da kuka ƙare makaranta, a wane littafi aka rubuta haka?

Likita ta karɓi wayar ta duba. Komai tsaf, har ruwan da ya sha ya rubuta. Aka ɗibi jini, ba a ga wani sabon abu ba. Daga ƙarshe ta tuna masa saura wata ɗaya.

Malam ya fito yana magana shi kaɗai.

Da farko ya zargi sikelin asibiti. Ya wuce kasuwa, wajen masu awon masara, ya hau nasu kamar buhu. Casa'in da tara. Sun ƙara masa ɗaya gyara.

Ya zargi wayar. Ya goge manhajar ya sauke wata. Amsa ɗaya.

Ya haɗu da ni a hanya, ya tambaye ni a fakaice, wai wani abokinsa ne ke ƙiba ba dalili. Na gyara murya na ce ai damina ce, jikin mutum yana jan danshi kamar gishiri. Wallahi wasa nake. Washegari da rana tsaka na gan shi zaune a kan benci a tsakiyar fili, kamar an shanya kuɓewa.

Allah Ya yafe mini. Bulala goma sha biyu ya taɓa yi mini a kan ragowar lissafi.

Wani tunanin ya ce masa ko jifa ne. Aka haɗo masa jiƙo mai ɗacin tsiya. Ya sha, ya nemi kalorinsa a waya, bai samu ba.

Da abin zargi ya ƙare, sai ya waiwayo gida.

Ya ce wa Rakiya ta faɗa masa gaskiya, tana ƙara mai a miya in ya juya baya, ko? Tausayinsa take ji, ko?

Rakiya fa! Matar da ta yi wata biyu tana auna tuwo kamar mai sayar da gwal. Ta kwashe kwanoni ta shige ɗaki. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ran Asabar ta je suna a unguwar gaba.

Tana zama, wata mata, Inna Kulu, ta matso: a gaida Malam, ya ce awararta ta fi ta kowa a layin.

Ba a jima ba wata ta ce ai mai gidanta kullum sai ya ajiye wa Malam masara biyu, ya san lokacin wucewarsa.

Ta uku ta ce ita fa yanzu ta ƙara dama furar Baba Ilu, tunda Malam ke taya shi sha.

Rakiya ta ajiye cokali. Ko addu'ar tashi ba ta jira ba.

Ta tarar da shi a tsakar gida yana ɗaura igiyar takalmi.

"Malam, jiya tsakanin gidan nan da gadar bayan gari, me ka ci?"

"Ban ci komai ba. Ga waya, duba."

"Awarar Inna Kulu fa?"

"Haba Rakiya. Ai wannan ba ci ba ne. Bismillah aka yi mini."

Ta daɗe tana kallonsa.

Shi kuma har ga Allah bai ga abin kallo ba. A wajensa, ci shi ne ka zauna a gidanka, a kawo kwano, ka wanke hannu. Wanda ka tarar da mutane suna ci suka ce bismillah, ka sa hannu sau ɗaya ko biyu don kada a ce ka raina, wannan zumunci ne. Wa ya taɓa rubuta zumunci a waya?

Rakiya ta shiga kicin ta fito da babbar kular abinci. Ta ce yau duk abin da aka miƙo masa, kada ya kai baki. Ya zuba a nan.

Ya karɓa yana gunaguni, don ya nuna mata ba komai ba ne.

Kwanar farko, Lawandi mai gasa masara, tsohon ɗalibinsa. Masara biyu, masu zafi.

Gaba kaɗan, majalisar teloli. Dafaffiyar gyaɗa cike da hannu, da rake gaɓa uku.

Inna Kulu: awara biyar, da yaji da mai.

Shagon mai gyaran waya, shi ma ɗalibinsa ne: ana cin gurasa bandabanda.

Ƙofar gidan Baba Ilu, aminin mahaifinsa: fura da nono, wadda aka dama da suga har tana kama ludayi. Aka ƙulla masa a leda.

Wuri goma sha ɗaya. Bai ma kai gadar ba, murfin kula ya ƙi rufuwa.

Lokacin da tafiyar kilomita uku ce, wuri huɗu kawai yake ratsawa. Shi da ƙafarsa ya ƙaro bakwai.

Ya dawo gida. Suka baje kayan a kan tabarma, suna aunawa ɗaya bayan ɗaya yana sawa a waya.

Kalori dubu biyu da ɗari uku.

Ya fi abincinsa na yini guda, safe da rana da dare.

Malam ya zauna daɓas. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Lambar ba ta canza ba.

Ya ba Rakiya haƙuri. Ta ce ta haƙura, amma ya fita ya gaya wa mutane abin da ke damunsa. Ya ce a'a, yana da dabara.

Dabarar ita ce ya canza hanya. Ya koma bin hanyar gonaki, inda ba mai yi maka bismillah sai akuya.

Kwana ɗaya. Kwana biyu. Kwana uku.

Rana ta huɗu aka yi sallama.

Mutanen layi ne. Kwana uku ba su ga Malam ya wuce ba, suka ce lalle ba lafiya. Kuma wa ke zuwa dubiya hannu rabbana?

Zaure ya cika da kwanoni. Farfesu, waina, ɗanwake, alkaki. Lawandi ya zo da masara shida.

A gaba Baba Ilu ne, ɗan shekara tamanin, ya tako da sandarsa tun daga gidansa, da ƙwaryar fura a hannu. Ya zauna, ya tura ta gaban Malam, ya ce ba zai tashi ba sai ya ga ya sha.

Malam ya ɗauki ludayi. Kowa na kallonsa. Saura kwana ashirin ya koma asibiti.

In ya sha, ya san inda za a ƙare. In ya ƙi, ya kunyata dattijon da ya yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi.

Ludayin ya tsaya a tsakiya.

Sai ya ajiye. Kansa a ƙasa, ya faɗi komai: sugan, likitar, wata ukun, kilo biyar ɗin da suka zama tara.



Baba Ilu ya miƙa hannu ya janye ƙwaryarsa.

"Ɗayyabu, ashe kai sakarai ne? Wata biyu muna kashe ka da hannunmu, kana ce mana mun gode?"

Ranar komawa asibiti, sikeli ya ce casa'in da biyar. Bai kai ba, ko kusa. Likita ta riga ta ɗauko takardar rubuta magani. Malam ya ba ta labarin kula. Ta yi dariya har da hawaye, ta gwada sugan ta ga ya fara ja da baya, ta mayar da takardar cikin aljihun tebur. Ta ƙara masa wata uku.

Ya koma tsohuwar hanyarsa.

Yanzu in ka biyo layin bayan La'asar ka ji ana ihu, ba ɓarawo aka kama ba. Malam ne ya doso. Lawandi ya kare masararsa da jiki. Inna Kulu ta kifa faranti a kan awara. Teloli suna daga cikin shago suna ɗaga almakashi: "Wuce, Malam! Wuce! Ba da kai muke ba!"

Baba Ilu kuwa, in Malam ya rage sauri a ƙofarsa, sanda yake ɗagawa.

Darasi: Abin da ka ƙi kira da sunansa ba zai shiga lissafinka ba, amma zai shiga cikinka. Kuma masu ƙaunarka ba su san gaibu ba. In ka ɓoye musu ciwonka, da hannun alheri za su ƙara maka shi.

Tura wa abokin nan naka mai cewa "ni fa ba na cin komai, jikina ne haka." In ka duba ba ka da irinsa, to kai ne. Tura wa matarka.