Ranar da Na Fige Farar Malam

Na haura shekara talatin kafin in riƙe fensir. Da ajin yaƙi da jahilci na soma, na koma ajin yamma, na yi ta ja har na kai inda ake shirin jarrabawar gama sakandare. Abin da nake so a fili yake: in shiga makarantar ungozoma. Ba a shiga sai da bayoloji, wato ilimin halittu, shi kuma ba a cinsa da hadda kaɗai. Sai an ajiye wa mutum abu a gabansa ya duba, ya zana.

Lokacin kuɗin man fetur sun shigo, ko'ina a Daura siminti ake kwaɓawa. An gina wa wata makarantar 'yan mata ɗakin gwaji sabo fil, da dogayen tebura da famfon da ba kullum yake kawo ruwa ba. Aka yarje mana mu manya mu riƙa shiga bayan la'asar, amma da sharaɗi. Malamin zai yi mana gwaji, wadda ya gamsu da aikinta ita zai tura sunanta jarrabawa. Ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, na girme shi nesa ba kusa ba. Yana ce mini Mama, ina ce masa Malam. Hausarsa tana ɗingishi, Turancina ma haka, sai muka dace.

Sana'ata kuwa suyar fara. Da ita na rufa wa kaina asiri tun rasuwar maigidana. Duk wadda ta yi wannan sana'a ta san aikin farko: a fige fikafikai, a cire ƙafafu, musamman na bayan nan masu ƙaya. Hannu ke yi, ba ruwansa da kai. Ina hira ina figa, ina yi wa yara faɗa ina figa.

Ana gobe gwaji na riga kowa zuwa. Na tarar da faranti a kan tebur, an jera fara manya-manya a ciki. Na zauna ina bitar sassan jikin ƙwaro a zuciyata: kai, ƙirji, ciki. Ban san sa'ad da na jawo farantin ba. Kafin Malam ya shigo na gama, fikafikai gefe guda, ƙafafu gefe guda, tsaf, sai dai a ɗora mai.

Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki ƙafa ɗaya ya duba, ya ajiye. Ya gaya mini ya daɗe yana bin bayan makaranta da raga kafin ya tara su, don rani ne, fara ta yi wuya. Ta kasuwa busasshiya ce, figaggiya, ba ta da amfani a wurinsa. In babu fara babu gwaji, in babu gwaji ba zai tura sunan kowa ba, ni da sauran matan.

"Mama," ya ce, "abin da kika cire, shi ne jarrabawar."

Na ce ya daina yi mini kallon gidan makoki, gobe kafin la'asar zai ga fararsa.

Na hau a-kori-kura na tafi wani ƙauye kusa da Sandamu, wurin ƙanwar mahaifiyata, wadda mijinta ke da lambu a bakin fadama. Inda akwai ɗanyen ganye ba a rasa fara. Da asuba, kafin rana ta ɗumama su su soma tashi, muka fita ni da ita. Ba kamun da muka saba ba ne, na a damƙa a cusa a buhu. Ɗaya bayan ɗaya nake ɗauka da yatsu biyu, in duba ko ƙafa ta karye, in sa a kwando cikin ganye. Inna ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ke da kike auna ta da kwano, yau ita kike lallaɓawa kamar jaririya? Bokon naku ke nan?"

"Inna, riƙe mini murfin dai."

A cinya na ɗora kwandon har Daura, na hana yaron mota ya taɓa shi.

Malam ya zuba su a kwalba da audugar da ya jiƙa da magani, suka daina motsi. Ya ba kowace mace ɗaya, da gilashin ƙara girma. Na danne hannuna na hagu a ƙarƙashin cinya, don ban yarda da shi ba. Sannan na duba.

Na soya fara ba iyaka, amma ashe ban taɓa kallonta ba. Ƙafafun nan shida duk daga ƙirji suka fito, babu ko ɗaya a ciki. Fikafikan ma a ƙirjin suke, na sama masu tauri, na ƙasa a naɗe kamar mayafin da aka ninke. A gefen cikin kuma ga wasu 'yan ramuka a jere. Na karanta a littafi cewa ta nan take numfashi, na haddace, amma a raina ban gaskata ba sai ranar.

Na fere fensir na zana yadda ya koya mana: layi ɗaya mai tsabta, ba a shafa duhu, ba a yi wa abu kwalliya. Na ja layukan suna da rula, na rubuta a ƙasa sau nawa zanen ya fi ta girma. Ƙafar baya ta ba ni wahala, na goge har takardar ta soma laushi.

Ya zo kaina, ya bi ƙafafun da tsinin fensir yana ƙirgawa. Ya nuna ramukan, ya tambaye ni aikinsu, na faɗa. Ya dubi farar da ke gabana, ya ga komai nata yana nan. Sai ya tambaye ni yadda ake rubuta sunana cikakke.

A jarrabawar kuwa kyankyaso aka ajiye mana, abin da hannuna bai taɓa sha'awa ba. Na ƙirga ƙafafunsa a natse. Shida ne, duk a ƙirji.