Ƙafar Gaba da Tukunyar Miyata

Ƙanin mijina ya zubar mini da miyar damina guda, kuma har ya yi furfura bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Ba da hannunsa ya zubar ba, da sifanarsa ta kanikanci ya zubar, yana kwance a ƙarƙashin motar yayansa a garejinsa na Sharaɗa. Amma ni a wurina duk ɗaya ne.

A farkon shekarun tamanin, lokacin da masaƙu da kamfanonin jima na Challawa ba sa kashe inji, ina sayar da ɗumamen tuwo a ƙofar wani kamfanin fata. Idan jiniyar safe ta yi kuka, masu aikin dare su fito idanu ja, ciki ya manne da baya, su nufo gindin darbejiyar da nake kafa tukwanena. Yawancinsu ba su da mata a birni. Mutanen Gumel ne da na Haɗeja, da 'yan Damagaram masu kwana a ɗaki ɗaya kamar buhuna. Abin da ke kawo su wurina miya ce, kuɓewa ɗanya ko kuka da man shanu. Tuwo kowa ya iya tuƙawa. Gindin bishiyar nan kuwa ba wanda ya ba ni shi a rubuce. Wadda mutane suka taru a gabanta ita ce mai wuri, ranar da suka watse kin tashi.

Daga Ɗorayi muke zuwa. Maigidana yana da a-kori-kura, yana shiga ƙauyuka yana sayo fatu yana kai wa kamfanonin. Kullum da sassafe ya sauke ni kafin ya wuce. Tuwo a baya cikin ƙwarya da kwanuka, tukunyar miya a cinyata a gaba, na rungume ta kamar jaririya. Shekaru muna haka ban taɓa zubar da ko cikin ludayi ba.

Sai wata damina motar ta kafe a wani fadama bayan Kura, cikinta ya zauna a laka, fatu suka kwana biyu a ciki suka fara wari. Maigidan ya dawo da fatun a kan jakuna, da ɓacin rai. Ƙaninsa, wanda bakanike ne kuma bai taɓa jin matsalar da ba ta da magani a garejinsa ba, ya ce abu mai sauƙi ne, a ɗaga ta.

Aka ɗaga ta. Aka ƙara mata fallayen ƙarfe a sifirin ɗin baya, aka sa mata manyan tayoyi. Ranar da ta dawo gida duk unguwa ta fito kallo. Na tsaya a bakin ƙofarta da zani, na ɗaga ƙafa, na mayar. Na sake dubawa ko ta ina ake fara hawa.

"Malam," na ce da maigidan, "mota ka gyara ko rumbu ka gina?"

"Ke dai kama nan ki taka nan."

"In taka nan da zani, a gaban mutanen layi? Sai dai ka fara sakina."

Tun daga ranar turmina ya koma matakala. Kullum da safe a kifa shi a gindin ƙofa in hau, a ɗauke a jefa baya.

Da aka ɗaga baya, sai gaba ya sunkuya. Motar ta koma kamar rago zai yi karo. Zama a ciki sai ka dafe, don kujera tana neman zubo ka kan gilashi. Ƙanin ya ce ai dama aiki bai ƙare ba, saura ƙafar gaba. Ƙafa suke kiran duk tarkacen ƙarfen da ke riƙe da taya yana shanye mata duka idan ta faɗa rami. Ya yanko roba mai kauri daga tayar babbar mota ya cusa a ƙarƙashin sifirin ɗin gaba, mai naɗi kamar gammo. Gaba ya tashi, ya yi daidai da baya. Har aka kira mai fenti ya yi mata rubutu a goshi. Lokacin ban san baƙi ba, sai bayan na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin manya, sannan na tambaya aka faɗa mini abin da aka rubuta na haɗa baƙaƙen da kaina: Sai Laushi. Allah ya so su ban iya karatu ba a lokacin.

Safiyar farko, muna hawa titin Panshekara, tayar gaba ta taka wani ɗan rami da ko akuya ba za ta lura da shi ba. Murfin tukunya ya tashi ya gaida rufi. Miyar kuɓewa ta biyo shi. Wanda ya san kuɓewa ya san ba ta zuba ita kaɗai, idan kan ya fita sai jela ta bi. Ta bi ta zanina, ta sauka ƙafata, ta ja wata igiya daga madubi zuwa gemun maigidan.

"Ba ki riƙe da kyau ba," ya ce.

"Haƙorana ma ban riƙe su da kyau ba, ga su nan suna kaɗawa."

"Titin ne ya lalace."

"Jiya ma nan muka bi. Cikin dare aka zo aka haƙe shi?"

Shi yana da sitiyarin da zai riƙe. Kuma tun da aka ɗaga motar, duk inda ya tsaya sai an kewaye shi ana taɓa taya, shi kuma ya jingina da ita yana bayani.

Na ɗaure murfi da tsumma, miya ta fito ta gefe. Na rage ta zuwa rabi, rabin ya iso rubu'i. Na mayar da tukunyar baya na kewaye ta da buhuna, muka isa muka tarar ta kife a kan tuwo. Na koma kuka, na yi ta da kauri har ludayi yana tsayawa, ita kam ta isa, amma wani ya tambaye ni ko yankawa ake yi.

Sai ga wata mata daga ƙauyen Challawa ta fara zuwa da baro, ɗan'uwanta yana turo mata shinkafa da wake. Ba ta da nisa, ba ta da mota, miyarta tana isowa cike. Ta kafa a ɗaya gefen bishiyar, tana gaishe ni da ladabin da ya fi zagi ciwo. Kullum inuwarta na ƙara faɗi. Wani dattijo ɗan Damagaram, wanda tun ranar da na fara sana'a bai ci na kowa ba sai nawa, ya tsaya a gabana wata safiya da kwano a hannu.

"Uwar ɗakina," ya ce, "ba mu ƙi ki ba. Amma mutum ya kwana yana jan fata, ba zai karya da gayan tuwo ba. Idan makon nan ya fita a haka, ki yafe mana."

Na sa maigidan gaba ya mayar da motar gareji. Ƙanin ya ce robar ce ta yi laushi, ya sa wadda ta fi ta tauri. Aka sake komawa, ya ce shokazoba ce ta gaji, wato ƙarfen nan mai mai a ciki da ke hana mota tsalle, ya cire ya sa ta babbar mota. Aka sake komawa, ya sa mai walda ya liƙa wani ƙarfe a kan wani ƙarfe. Kowane gyara ƙarfi yake ƙara mata, ni kuma ƙashin bayana yana ba ni labari. Duk yamma maigidan ya dawo ya ce an fita gwaji, kowa ya shaida ta yi.

"Wa ye kowa?"

"Mutanen gareji mana."

Ranar wata Laraba na tashi kasuwa da wuri, na bi shi Sharaɗa.

Garejin fili ne a bayan katangar wani kamfanin robobi, ƙasa ta yi baƙi da mai. Ƙanin ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu. Tsakanina da shi akwai wasa, kamar kowace mace da ƙanin mijinta, kuma shi bai taɓa barin nasa kason ya kwana ba.

"A'a, matarmu! Yau uwar miya da kanta? Ina turmin, a kawo mata ta sauka."

"Ka bar turmi, zan nemi taɓarya in zo maka da ita. Me ka yi wa motar nan?"

"Na mayar da ita mota. Da can keken guragu ce. Yaya, ka bari a fita da ita gwaji ta ji da jikinta, a huta da ƙorafi."

Kalmar gwaji na fita daga bakinsa, sai na ga fili ya motsa. Mai walda ya ajiye gilashinsa. Mai fenti ya wanke hannu. Mai shayin bakin hanya ya rufe tukunya ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa. Wasu direbobi da ke jiran a gama musu aiki suka tashi daga benci. Ashe al'adarsu ce, ba a gwada mota sai da shaidu, kuma mai mota shi ke sayen rake a hanyar dawowa. Duk suka haye baya. Wani ya ce tunda ta wajen Na'ibawa za a bi, a ɗora masa giyabos ɗin motarsa a sauke masa. Aka ɗora. Sannan mai faci ya zo, wani ƙato wanda in ya zauna a benci sai na ɗaya gefen ya riƙe wani abu. Shi ne mai kunnen gareji. Ya hau bonet ya kwanta rub da ciki, ya riƙe bakin gilashi, ya karkata kai wajen taya, wai yana sauraron ƙafa.

Aka sa ni a gaba. Muka fita.

Wallahi ban taɓa shiga mota mai daɗin wannan ba. Muka taka ramuka, muka sauka titi muka bi burji, muka haye wata kwalbati da ta karye. Motar tana lilo a hankali kamar ana rarrashin yaro. Da da kwanon ruwa a kaina, ba zai ɗiga ba. Na baya suna buga rufi suna cewa sai laushi. Mai faci ya ɗago kai daga bonet ya ɗaga mana babban yatsa.

Maigidan ya dube ni ta gefen ido.

"To?"

Na kau da kai ina kallon hanya. Har na fara tunanin ko hannuna ne ya fara rawa da girma, ko wani abu aka yi mini a gindin bishiya.

Muka dawo gareji ana ta shan rake. Na riga kowa sauka, ba turmi ba komai, na sa ƙafa kawai na taka ƙasa. Sai da na yi taku biyu na tsaya. Yaushe rabon da in sauka daga motar nan ba turmi? Na juya ina kallon motar. Mai shayi ya diro, ta ɗan ɗaga. Direbobi suka diro, ta ƙara. Mai walda, mai fenti, kowa ya sauka sai ta miƙe kaɗan, kamar raƙumi yana tashi gaɓa gaɓa. Da mai faci ya zamo daga bonet, gaban motar ya yi wani tsalle har fitila ta kalli sama. Ƙofar da na fito ta cikinta yanzu ta koma daidai ƙirjina.

"Kai!" na ce da ƙanin. "Kullum haka kuke gwadawa? Da wannan bawan Allah a kan bonet?"

"In ba shi ba wa zai ji ƙafa?"

"Ni da safe da wa nake tafiya? Ni ce da yayanka da tuwo. Ka ɗaura mata ƙafar tirela, ba ta lanƙwasa sai an ɗora mata rabin Sharaɗa. Ku sauka duka a sake fita, ba kowa."

Suka kwashe da dariya har mai shayi yana riƙe ciki.

"Matarmu, gwaji ba shaidu ai yawo ne. Wa zai ce ta yi?"

"Ni zan ce ba ta yi ba."

"Ke ai kin riga kin faɗa tun daga gida."

Na dubi maigidan. Ya duƙa yana duba taya, wadda ba abin da ya same ta. Ya gane, na ga ya gane, don shi ma ya san motar ba ta yi masa daɗi sai ta sha lodin fatu. Amma ba zai kunyata ƙaninsa a gaban mai shayi ba.

Muna shirin tafiya ƙanin ya leƙo ta taga.

"Yaya, gobe ka biyo ta gida ka ɗauke ni. Sunan ɗan mai walda ne a Panshekara, da an sallame asuba za a raɗa. Sabuwar shaddata ma tela ya kawo, fara sol. Matarmu, ki zo ki ga miji."

Na ce masa Allah ya kai mu.

Washegari na yi kuɓewa ɗanya, na sake ta da ruwa yadda mutanena suke so, na cika tukunya har wuya. Da muka tsaya a ƙofar gidan ƙanin ya fito yana ƙamshin turare, babbar riga tana ƙara don sitati. Mai faci da mai fenti suna biye da shi, su ma za su suna. Na ce musu motar haya tana bakin titi. Na sauka na ba shi kujerata, ya hau yana ta godiya, wai yau matarsu ta san girman miji. Yana gama gyara zama na ɗora masa tukunyar a cinya, na cire murfin na riƙe a hannuna, na rufe ƙofa. Na taka turmi na haye baya wurin tuwo, ni kaɗai, na buga rufin motar da murfin.

"Malam, mu je. Ta titin Panshekara. Ga shaida nan a gaba."