Sanda Maƙeri da Mundayen da Suka Yi Baƙi

Da hantsi za ka tarar da Sanda a rumfarsa ta bakin kasuwar Madawa, ya hura gawayi, ya ajiye baƙin dutsen gwaji kusa da gwiwarsa. Tun yana saurayi yake duba zinariya da azurfa ga masu rabon gado, ga shi yau gemu ya yi fari fat. Duk wanda ya sa wa ranar zuwa, gargaɗinsa ɗaya ne: a kawo kaya yadda suka kwana a adudu, kada a wanke, kada a goge.

To, Indo ta Garhanga ba ta ji wannan ba, don wanta Lurwanu aka gaya wa, shi kuwa ya mance. Mundayen marigayiya mahaifiyarsu suna hannunta tun rasuwar, kuma 'yan'uwa sun fara ƙus-ƙus cewa ta musanya su da na ƙarya. Ana gobe gwaji, baiwar Allah ta ce bari ta fid da kanta kunya, ta jiƙa su cikin ruwan zabel na wankin tufa don su yi ƙyalli. Sai ga mundaye baƙi ƙirin kamar gindin tukunya!

Ta iso rumfar, dangi sun jeru. Tana kwance ƙullin, Lurwanu ya miƙe.

"Wanga ba kayan Inna ba na!"

Sanda ya miƙa hannu. Ya ɗauki munduwa ya sansana, ya dubi Indo.

"Ɗiyata, zabel kika sa musu?"

Ta ɗaga kai, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Kai, Indo sarkin tsabta! Zamna, Lurwanu. Haka azurfa take yi in ta sha zabel."

Ya goga ɗaya a dutsen, ya ɗiga ruwan gwaji, ya nuna wa kowa azurfa ce ta gaske. Sannan ya murje cikin munduwar da toka har ɗan zanen da tsohuwar ta sa aka yi mata ya bayyana. Lurwanu ya gane shi, ya sunkuyar da kai. Wallahi mu da ke wurin ma sai da muka yi ajiyar zuciya.

Sanda, kai ne ka mayar wa yarinyar nan mutuncinta, kuma ba ka bari wanta ya tashi da kunya ba, don kai ka fara cewa ko kai ne da ka tsorata. Na gaban wuta, mai sanyin baki! Mun gode, Allah ya ƙara wa idonka haske. Masu sana'a, ku koyi duba mutum kafin ku duba kayansa.

Ranar nan Indo da Lurwanu mota ɗaya suka shiga zuwa Garhanga, kuma shi ya riƙe mata ƙullin.